Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Na'urar Kama Saƙonnin Motoci

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya ya ce ya ga matasa a Turai suna kama saƙonnin da motoci da fitilun danja ke aika wa juna ta iska, yana tambaya ko 'yar na'urar nan mai kama da filas, wadda ake kira RTL-SDR, ana jona ta a kwamfuta tana kama saƙonnin rediyo, za ta yi masa wannan aiki.

Ba za ta yi ba, ɗana. Waɗannan saƙonni suna tafiya ne a zangon rediyo na gigahaz 5.9, wato megahaz 5,900, bisa tsarin da ake kira ITS-G5 a Turai, kuma kowace tasha faɗinta megahaz 10 ne, alhali RTL-SDR iyakarta wajen megahaz 1,700, faɗin da take ɗauka kuwa bai wuce wajen megahaz 3 ba. Wata na'urar mai suna HackRF One tana kaiwa gigahaz 6, sai dai kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa, kuma ko ka saya, wa za ka saurara? Motar Golf ta takwas da kamfanin Volkswagen ya fitar a 2019 tana iya sanar da inda take da saurin gudunta har sau goma a daƙiƙa, amma danjojin titunanmu da ƙidayar lokaci suke aiki, ba sa aika wa kowa saƙo. Abin da ke kusa da kai shi ne ma'aunin iskar taya. Tun 2007 doka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka su riƙa gargaɗin direba idan iska ta ragu, kuma ma'aunin motocin can yana aika saƙo a megahaz 315, na 'yan Beljiyam kuwa galibi a 433.92, duka biyun RTL-SDR tana iya kama su. Manhajar rtl_433, wadda kyauta ce, tana karanta da yawa daga cikinsu. Da wannan za ka fara.

Wani kuma ya tambayi na'urar da zai saya ya riƙa mayar da danja kore idan yana sauri, ko ya kwafi rimot ɗin motar wani. Malam, wannan fili ba na irin wannan tambaya ba ne. Kwafar rimot ɗin da ba naka ba hanyar sata ce, taɓa danja kuwa wasa ne da rayukan mutane.

Wani mai gyaran waya ya ce ya ga RTL-SDR a intanet a kan rabin kuɗin da aka saba, ko ya saya? A nan nake so in tsaya, domin jabun kaya sun fi komai karya wa yaranmu gwiwa. Ta gaske tana kamawa wajen dala 30 zuwa 40 kafin kuɗin kawowa, kuma kowa ya san yadda canji yake, saboda haka duk wanda ya yi maka tayin rabin wannan, ka tambayi kanka abin da ya cire daga ciki. Masu jabu sun iya kwaikwayon gwangwanin da rubutun da ke jikinsa, amma abin da suka fi ragewa shi ne ɗan ƙaramin sashen da ke riƙe zango daidai idan na'ura ta ɗauki zafi. Sai ka ga ka saita tasha a tsakiyar allo, bayan 'yan mintuna ta zame gefe, yaro ya kwana yana zargin kwamfutarsa ko ƙwaƙwalwarsa, daga ƙarshe ya jefa ta cikin durowa ya ce fannin ya fi ƙarfinsa. Araha ba ta ado. Idan a shago ne, kada ka biya sai an jona ta a gabanka, an kama tashar FM tsakanin megahaz 88 da 108, an bar ta tana aiki kamar kwata na awa, ka duba ko tashar ta tsaya inda take, ka kuma murɗa bakin eriyar ka ji ko yana lilo. Idan ta intanet ne, kada ka tura kuɗi ga wanda ba ya karɓar kaya idan an dawo da su, komai daɗin bakinsa.

Wata malamar makaranta ta rubuto cikin damuwa cewa ta tara kuɗi ta saya wa ƙanenta RTL-SDR, ya wuni a gefen motar gidansu bai kama komai ba, tana tsoron an cuce ta. Ki kwantar da hankalinki, malama, kin yi abin kirki, kuma da alama kayanki lafiya suke. Yawancin ma'aunan iskar taya suna yin shiru idan mota tana tsaye domin tattalin batir, sai taya ta fara juyawa suke magana. Wasu motocin ma ba su da su sam, ta saurin juyawar taya suke gane raguwar iska, wasu kuma an cire musu a wajen mai faci ko batirinsu ya mutu. Ki ce wa ƙanenki ya fara gwada tashar FM. Idan ta fito, ya ɗauki kwamfutar ya shiga motar gidan a zagaya da shi, ya gwada 315 sannan 433.92, da eriya mai tsawon santimita 24 ga na farko, 17 ga na biyu.