Me ya sa bincikenmu ba ya kaiwa ga masu masana'antu?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Ga jami'a a Damagaram tun 2010, ga matatar mai ta SORAZ tun 2011, ga majema da masu sarrafa abinci. Me ya sa binciken da muke yi yake ƙarewa a cikin kabad?

Amsa: Ɗana, kowa ka tambaya zai ce rashin kuɗi ne. Akwai wannan, amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kowane ɓangare da inda ya sa gaba. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai CAMES, hukumar kula da ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ta duba maƙalun da ya wallafa. Shi kuwa mai kamfani, sirrinsa ne jarinsa. Takardar mallakar ƙirƙira da OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ke bayarwa daga Yawunde tana kare mai ita shekara 20, amma sai abin yana sabo. In ka riga ka baza shi a mujalla, kana iya rasa ta.

Na ga wannan da idona. Mun taɓa aiki da wani mai matsar man aduwa, muna neman yadda man zai daɗe bai lalace ba. Da aka dace, ɗalibina na son kare kundinsa a gaban jama'a, Alhajin ya ce sam, kada kowa ya ji. Ba mu rubuta kome ba tun farko, muka dogara da mutunci. Har yau abin na yi mini ciwo, don yaron ya yi asarar lokaci, zumuncin kuma ya yanke.

Ga kuma lokaci: digirin dakta na cin shekara 3 ko fiye, mai sana'a kuwa yana son amsa kafin kaka ta wuce.

Manyan kamfanoni nasu daban ne. SORAZ, da aka gina don tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin 100 na CNPC ne, kamfanin man fetur na ƙasar Sin, wanda manyan cibiyoyin bincikensa ke gida Sin. Ƙofar da ta fi kusa da kai a matatar ita ce zaman koyon aiki.

Don haka fara da na kusa. Je wurin majema, ka zauna da matan da ke jiƙa hanza don cire ɗacinta, ka ji abin da ke damunsu kafin ka zaɓi take. Sannan ku zauna da malaminka da mai sana'ar, ku sa hannu a takarda: wa zai sayi kayan gwaji, na wa ne sakamakon, kuma wata nawa za a jira kafin a wallafa.