Amsa ga Malama kan raba kwas tsakanin Moodle da Canvas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Malama, na ga tambayarki, wato kun gina kwas ɗin GST (darussan bai-ɗaya) a Moodle ɗinku, manhajar koyarwa ta intanet, wata kwaleji mai amfani da Canvas, wata manhajar irinta, ta roƙe ku shi, shin sai sun sake ginawa daga tushe? A'a, ba sai sun sake ba. Bari in yi bayani da baki, rubutun zai yi tsawo.

Abin da yawancinmu muka saba shi ne a ɗaure kayan a miƙa. A wurin da kike yin bakof, wato ajiye kwafin kwas, a Moodle akwai zaɓin Common Cartridge, zai fitar miki da kwas ɗin a fayil guda, Canvas kuma yana karɓarsa. Akwai kuma SCORM, wani tsarin ɗaure darasi a fayil, wanda ya fito daga wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka, sigarsa ta 1.2 tun 2001 take, har yau ana aiki da ita. Wannan hanya tana yi. Amma daga ranar da kika miƙa, kwas ya zama biyu. Gobe in kika ga kuskure a tambaya ta bakwai kika gyara, nasu yana nan da kuskurensa, ɗalibai na ta faɗuwa a kan amsar da ba laifinsu ba. Wannan ne yake damuna, gaskiya, don yaran ne ke kwana a ciki.

Shi ya sa ni na fi son LTI, wato tsarin da ke haɗa manhajar koyarwa ɗaya da wata. Ƙungiyar IMS Global ce ta fito da shi, wadda yanzu ake kira 1EdTech, kuma sigar 1.3 ta fito a 2019. A nan kwas ba ya tashi daga inda yake. Mai kula da sabarku, wato kwamfutar da Moodle ɗinku yake zaune a kai, zai kunna wurin da ake buga kwas a matsayin kayan LTI, nasu kuma ya yi masa rajista a Canvas. Shi ke nan. Ɗalibinsu yana cikin Canvas zai danna mahaɗi, darasinku ya buɗe masa ba tare da an nemi wata sabuwar kalmar sirri ba, ya amsa tambayoyi, makinsa ya koma rajistar maki ta malaminsa a can. Sabobin biyu ne ke magana da juna ta intanet, babu mai kwafar maki da hannu a Excel da tsakar dare. Kin gyara a wuri ɗaya, kowa ya samu.

To amma ki saurara da kyau, don akwai nauyi. Ɗalibansu duk a kan sabarku za su hau. In a cikin makaranta take, aka ɗauke wuta ranar jarrabawa, janareta babu mai, to makarantu biyu ne suka tsaya cik. Ku zauna da su ku yi wannan magana tun kafin a fara. Sannan sunan ɗalibi da imel ɗinsa suna iya ƙetarowa zuwa wurinku, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, don haka a rubuta yarjejeniya, kuma a taƙaita abin da ake turowa.

Sai batun izini. In akwai hotuna ko shafukan da aka ɗebo daga littafin wani, a cire su kafin a raba. Abin da kuka rubuta da kanku kuma ku sa masa lasisin Creative Commons, wanda ke fayyace yadda wasu za su iya amfani da shi, kamar yadda jami'ar MIT ta yi wa darussanta na kyauta, kowa ya san iyakarsa.

Malama, gobe ki tambayi mai kula da sabar wace sigar Moodle kuke kai. Buga kwas ta LTI 1.3 daga Moodle 4.0 ya fara, na 2022. In kuna ƙasa da haka, sabuntawa ce aikin farko. Ki faɗo mana abin da ya ce a nan, sai mu ɗora daga wurin. Na gode, a huta lafiya.