Amsa: Wace irin taga zan sa a madadin ta katako?

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce gara ta cinye tagogin gidanku a Yamai, kana neman shawara tsakanin ƙarfe, alminiyon da roba irin ta PVC.

Kar ka koma katako, musamman in ginin ƙasa ne. Gara ta riga ta san hanya, kuma da damina katako yana kumbura, da rani ya tsattsage.

Ni dai ƙarfe na sa, kuma ban yi da-na-sani ba. Yana tsare ɓarawo, in ya lalace ko wane mai walda na unguwa zai gyara maka. Matsalarsa tsatsa. Tagar ɗakin mahaifiyata daga ƙasa ta fara ruɓewa, daidai inda ruwa ke kwanciya, saboda mai aikin ya shafa fenti kai tsaye bai sa na hana tsatsa ba. Ka tsaya da kanka ka ga an shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin a kafa ta. In ka je kasuwar Katako ta Yamai, inda ake sayar da kayan gini, ka ɗaga ƙarfen da hannu ka ji nauyinsa, mai sirantaka ba ya daɗewa.

Alminiyon ba ya tsatsa, yana kuma rufuwa ruf, abin so da hunturu. Amma ƙura tana cika hanyar da gilashin ke bi, sai da shara kullum, kuma dole ka ƙara masa sandunan ƙarfe ta waje.

Roba ta fi su hana zafi shiga, sai dai mai araha ba ta jure zafin ranar watan Afrilu, tana lanƙwashewa. Wane ɓangare tagogin ke kallo, gabas ko yamma?