Wasan kwaikwayo kan gudun hijira: fama tsohon miki ne?

Malama, kin tambaya ko haɗa 'yan gudun hijira da 'yan gari su yi wasa kan abin da ya same su fama tsohon miki ne. Yakan zama haka idan baƙo ne ya rubuto musu labarin.

A Minawao, sansanin 'yan gudun hijira da aka buɗe kusa da garin Mokolo na Kamaru a 2013, na ga wata 'yar Gwoza ta fito fili da makullin gidanta rataye a wuya. Ba ta ce uffan ba, sai wani ɗan ƙabilar Mafa ya riƙa bin takunta da sarewa. Mai Hausa, mai Fulatanci, mai Barbarci, kowa ya yi tsit. Wallahi har yau makullin nan yana raina.

Ku bar su su zaɓi abin da za su nuna, kuma kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa.