Bakin hula ya langaɓe, shimfiɗar tebur ta tattare: amsa ga 'yar koyo

'Yata, na duba kayan da kika ajiye mini, na kuma ji tambayarki. Hular ranar da kika saƙa da kwarashi samanta ya yi tsini kamar kan rumbu, bakinta kuma yana faɗowa a kan ido, kina so ki ji ko sitaci zai tsayar da shi. Sai shimfiɗar tsakiyar tebur da kika haɗa da ƙyallayen atamfa, wadda ta tattare bayan kin bi ta da keke. Bari mu fara da hular, ita ce mai dogon zance.

Sitaci ba zai yi miki maganin wannan hula ba. Aikinsa ya riƙe siffar da saƙa ta riga ta ɗauka, idan siffar a karkace take, a karkacen zai sandarar da ita. Balle ma zaren da kika ɗauka ba ya shan sitaci. Ulun nan na roba ne, wanda muke yi wa jarirai hula da safa da shi lokacin hunturu. Yana miƙewa, yana riƙe zafi, mai sanye da shi a ranar Afrilu sai gumi ya jiƙa mata kai. Zaren auduga za ki nema, mai murɗi sosai, wanda ba ya tarwatsewa in kwarashi ya shige shi. In mai shago ya rantse miki auduga ce kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Hular babba takan ci wajen giram 150 na zare matsakaici. Ki sayi 200 a lokaci guda, don in kika koma neman ciko ba lalle ki samu rini iri ɗaya ba.

Kwarashin ma ya yi wa zaren girma. In takardar zare ta ce kwarashi mai milimita 4, ki sauko zuwa 3 ko 3.5. Wancan lissafin na riga ne da mayafi, masu son laushi. Hula tana son saƙa a matse, wadda in kin ɗaga ta saitin rana sai ɗan haske kaɗan ke ratsowa. Shi ya sa gajeren ido (ido shi ne kowace ƙwayar saƙa guda da kwarashi ke yi) za ki yi tun daga sama har baki: ki zura kwarashi, ki jawo zare, madauki biyu ke nan a kai, ki naɗo zare ki ratsa su duka. Dogon ido, wanda ake naɗa zare kafin a zura, ya fi sauri, amma yana barin ƙofofi, kuma ba shi da ƙashin da zai tsaya.

Kafin ki taɓa zare, ki auna kan. Tef ya bi ta tsakiyar goshi, ya wuce saman kunne, ya zagayo ƙeya. Ki tambayi mai hular yadda za ta riƙa sa ta, domin kai da kitso dabam, kai da hijabi ko ɗankwali a ƙarƙashi dabam, a haka za ki auna ta. Mu ce kin samu santimita 56. Ki raba da 3.14, zai ba ki kusan 18, faɗin faifan saman hula ke nan daga gefe zuwa gefe. Auduga takan ɗan saki da sawa, saboda haka ki tsaya a 17.

Faifai na ce, kuma da gangan na faɗa. Kin taɓa zama kusa da mai ɗinkin faifai? In ta matse zagayen waje bai kai tsawon da ya kamata ba, sai abin ya ɗago ya zama kwando. Abin da ya sami saman hularki ke nan. Kowane zagaye ya fi na cikinsa tsawo, dole a ƙara masa ido, kuma a gajeren ido ƙarin shida ne a kowane zagaye, ba ragi ba daɗi. Ki fara da zarge, ki saƙa ido shida a ciki, ki ja wutsiyar ya rufe ruf. Zagaye na biyu ki sa biyu a kowane ido, 12. Na uku ɗaya, sai biyu a ido guda, har ki zagayo, 18. Na huɗu 24, na biyar 30, haka za ki yi ta hawa. Na ƙirga naki, daga zagaye na biyar kika fara tsallake ƙari, wani wuri huɗu wani wuri uku, shi ne ya ja miki tsinin. In hannunki yana ba da ido 20 a santimita 10, za ki kai faɗin 17 a wajen zagaye na 18, da ido 108. In hannunki ya fi haka saki ko matsi, tef ne alƙali, ki bar lambata ki bi awonki.

Tunda saƙar zagayawa take yi kamar dodon koɗi ba tare da an rufe layi ba, farkon zagaye yana ɓacewa. Ki ratsa ɗan zare mai wani launi a idon farko, kina matsar da shi duk zagaye. Ki kuma ƙirga a ƙarshen kowanne. Na san da gundura, amma ya fi warwara sauƙi.

Akwai wani abu da ba ki kai gare shi ba tukuna, amma yana jiranki. In kika riƙa ɗora ƙari a kan ƙari, wuri ɗaya kullum, faifan zai fito da kusurwa shida maimakon da'ira. Maganinsa ki riƙa gusar da wurin. Misali zagayen da ake ido takwas sannan ƙari, ki fara da huɗu, ki yi ƙari, ki ci gaba da takwas-takwas, ragowar huɗun su rufe zagayen. Na gaba ki koma yadda aka saba.

Da faifai ya cika, sai ki daina ƙari. Kowane ido yana da zare biyu a samansa, na gabanki da na baya. Zagaye ɗaya ki kama na baya kaɗai. Wannan ne ke karya saƙar ta juya ƙasa, ya bar ɗan ziri mai kyau a gefen saman. Daga nan ki koma kama biyun, ki sauka santimita 9, wajen zagaye 18, ki gwada a kai. Ya tsaya kamar yatsa ɗaya a saman kunne. In ya yi sako-sako, ki rage ido huɗu zuwa shida a zagayen ƙarshe, a warwatse, don iska kada ta ɗauke ta a kan babur.

Yanzu bakin. A sama kin yi rowar ido, a nan kuma kin yi almubazzaranci. Zagayen farko kika sa biyu a kowane ido, kika ninka adadin gaba ɗaya a wurin da bai da filin ɗaukarsa. Ina rarar za ta je? Sai ta yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas, nauyinta ya ja ta ƙasa. Bakin hula ci gaban faifan nan ne na sama, jikin hula ne kawai ya shiga tsakaninsu, don haka lissafinsu ɗaya: shida a zagaye. Zagayen farko ki kama zaren gaba kaɗai don ya juyo waje, sannan ki ci gaba daga 108 zuwa 114, 120, kina gusar da wurin ƙarin. Bayan zagaye 16 kina da ido 204 da baki mai faɗin santimita 8, shimfiɗe kamar tire. In kina so ya ɗan rusuna ya yi wa fuska inuwa, wanda ni shi na fi so ga hular rana, ki bar kowane zagaye na huɗu babu ƙari. Za ki ga wasu suna zuba 18 a zagaye guda su yi biyu babu komai. Duk kanwar ja ce, sai dai nasu yakan nuna ɗan tudu a inda aka zuba.

Duk bayan zagaye uku ki kifa hular a kan tebur ki dube ta daga gefe. In gefen yana rawa, ki yi zagaye ɗaya ko biyu ba ƙari. In yana ɗagowa kamar kwano, ƙarin ya yi kaɗan.

Bakin da bai wuce santimita 7 ba, matsattsiyar saƙa kaɗai ta ishe shi. Wanda ya kai 8 zuwa 10 yana son abin riƙo a ciki. Ki nemi zaren fatsa na roba, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, wurin masu kayan kamun kifi. A naɗe yake zuwa, ki tsoma shi a ruwan zafi ki miƙe shi ya huce. Ki kwantar da shi a kan gefen, ki saƙa zagayen ƙarshe a kansa ya ɓuya a ciki. Kada ki yanke shi sai kin zagayo. Ki ajiye hular a ƙasa ki riƙa ja ko turawa har bakin ya kwanta: in ya yi tsawo bakin zai murɗe, gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, in ya gaza zai tattaro saƙar. Sannan ki bar santimita 5 su hau juna, ki ɗan narka kan kowanne da ashana ya yi kumburi don kada ya huda ya fito, ki ɗaure su tam da zaren ɗinki. Wayar ƙarfe ki rabu da ita. Tana tsatsa da gumi, kuma in aka zauna a kan hular sau ɗaya ta lanƙwashe ke nan. Ki rufe da zagaye ɗaya na baya-baya, daga hagu zuwa dama, yana ba gefen kauri kamar igiya.

A nan ne sitaci ke da amfani. Babban cokali ɗaya na sitacin rogo, ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba a kofi biyu na tafasasshen ruwa kina juyawa har ya yi garau, ki bari ya huce. Ki tsoma hular, ki matse da tafin hannu ba murɗawa, ki kifa ta a kan roba ko ƙwarya mai faɗin kan, bakin a shimfiɗe, ta bushe a inuwa. In ya yi kauri zai bar farin dabbare a zare mai duhu. Masu sa ruwan sukari suna gayyatar kiyashi ne kawai. Ki kuma gaya wa mai saye gaskiya, da damina sitaci yana saki, in an wanke sai an sake.

Wannan ta ulun, ki warware ta ki ajiye zaren don kayan sanyi.

Shimfiɗar tebur kuwa, abu uku ne a kan juna: fuskar da kika haɗa, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa. Irin aikin lifidi ne da ake yi wa dawaki, inda ake cusa audugar rimi tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, sai dai namu siriri ne. Haƙoran keke suna jan na ƙasa, ƙafar keke tana tura na sama gaba, kin kuma riƙe su da fil huɗu kacal a kusurwa, kika fara daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk rarar da ƙafar ta turo sai ta taru a gaba ta zama ninki. Ki farke. Ki shimfiɗa shafin a tebur fuskarsa ƙasa, ciko a kai, fuska a sama, na ƙasan biyu su fi ta da inci biyu ta kowane gefe. Ki bi da allurar hannu da manyan taku, daga tsakiya zuwa waje, layi-layi tazarar inci huɗu. A keke ma daga tsakiya za ki fara, ki buɗe taku zuwa milimita 3, ki sassauta dunƙulen da ke saman kan keken don ƙafar ta rage dannawa. Tafukanki biyu a gefen allura suna lallashin yadin, ba ja.

Sai dai tun a yanka aka fara samun matsala. Wasu ƙyallayen kin yanke su a karkace da zaren yadin, shi ya sa suke miƙewa. Ki yi ma'auni da kwali, inci huɗu da rabi kowane gefe, ki zana da alli bisa tsawon zaren. Ɗinki ya ci kwatan inci, kowane guntu ya koma huɗu cif. Uku a faɗi, 12 a tsawo, guda 36 ke nan, shimfiɗa mai inci 12 da 48. Ki goge ɗinkin layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, don in kin haɗa su mahaɗar ta shige juna ba tudu. Kuma ki wanke ƙyallayen kafin yanka. Abin da kika tsinto wurin tela da wanda kika yanko a Kantin Kwari ba lalle su shige daidai da juna a ruwa ba, ga shadda mai rini tana zuba ta ɓata na kusa da ita.

Soson da kika sa a matsayin ciko ya yi kauri, kofi ba zai zauna a kai ba, kuma tukunya mai zafi za ta narka shi. Tsohon zanen gado na auduga ninki biyu ya fi shi. Na rufe baki ki yanka ziri mai faɗin inci biyu da rabi, tsawon inci 130, ki ninka biyu ki goge, ki ɗinka ta fuska, ki juya ki kalmasa ta baya da hannu. Launi kuma kin tara bakwai suna ta hayaniya. Ki zaɓi atamfa biyu, ki raba tsakaninsu da yadi mara zane wanda ya ɗauko launi ɗaya daga cikinsu. A tebur faɗinta ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin teburin. In ta cin abinci ce ta sauko inci shida ta kowane ƙarshe, in ta tsakiyar falo ce inda yara ke rarrafe, ki tsayar da ita kafin gefe don kada a jawo ta da abin da ke kanta.