Sulken sojan Ruma na ƙarni na 4: kada ka jefa shi a garwashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a arewacin Ingila. Na shiga wata ƙungiya mai kwaikwayon sojojin Ruma na ƙarni na 4, muna fita gaban jama'a a wuraren tarihi da ke kusa da Katangar Hadriyan, tsohuwar katangar da Rumawa suka gina a nan. Na tara kuɗina na sayi rigar ƙarfe mai falle-falle, irin wadda ake gani a fina-finai, sai mai ba mu horo ya ce ba ta zamaninmu ba ce. Yanzu ranar fita ta matso, aljihu kuma ya yi ƙasa. Wani mai sayarwa a intanet ya nuna min sulke mai arha, ya ce na yaƙi ne, in na ɗora shi a kan taguwa ba abin da zai same ni a wurin atisaye, in kuma ƙyallinsa ya yi min yawa in jefa shi a garwashi ya yi baƙi kamar na mutanen da. Hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron sake yin asara, ina kuma tsoron jin kunya a idon jama'a. Yaya zan yi?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, kunyar da kake tsoro mai sauƙin magani ce. Abin da ya tayar min da hankali a saƙonka shi ne zancen garwashin nan, amma bari mu sallami rigar da ka riga ka saya tukuna.

Mai ba ku horo ya yi gaskiya. Rigar nan mai falle-falle, wato lorika segmentata, ta yi tashe tun daga farkon ƙarni na 1, ita ce a jikin Ginshiƙin sarki Tirajan na shekarar 113 da ke birnin Rum, kuma daga akwatin kayan da aka tono a Kobrij a 1964, nan kusa da ku, aka gane yadda ake harhaɗa ta. Cikin ƙarni na 3 ta yi ta janyewa, kafin zamanin sarki Konstantin a farkon ƙarni na 4 ta zama abin da sai an tona. Ba ka yi asara ba: masu kwaikwayon ƙarni na 1 da na 2 sun fi ku yawa a Ingila, cikinsu za ka sami mai saye. Sojanku na ƙarni na 4 sulken zobba yake sawa, ko na ɓawo-ɓawo irin na bayan kifi, da dogon takobi mai suna spata a madadin gajeren takobin da, da garkuwa mai siffar ƙwai ko mai da'ira.

To, sulken da aka yi maka talla. Wannan ƙaryar kullum sai na ci karo da ita, kuma ta ishe ni: wai da zarar mutum ya zura sulke ya tsira. Masu sayar da kayan ado ne ke yaɗa ta, mutanen da ba su taɓa tsayawa a sahu an kai musu sara ba. Suna liƙa wa kowane tarkace lakabin "na yaƙi" don sun san sabon shiga ba zai iya bambancewa ba.

In kana so ka gane, ka ce ya turo maka hoton zobe guda ɗaya daga kusa. Sulken Rumawa na gaske jeri biyu ake saƙa shi: jeri ɗaya zobba ne rufaffu da aka huda daga farantin ƙarfe, ba su da baki ko kaɗan, jeri na biye zobban waya ne da aka ɗora bakinsu a kan juna, aka huda, aka dake da 'yar ƙusa mai zagayayyen kai. Kowane zobe na riƙe da huɗu. Haka wanda aka samu a Arbeya, sansanin da ke bakin kogin Tayin, yake. Wuta ce ta cinye ɗakin sojojin da yake ciki, ya tsira a dunƙule. Haka wanda aka tono a Bimose ta Denmak, da ke gidan tarihi na Kofanhagen, mai zobba kusan 20,000. Wanda ake son sayar maka kuwa waya ce aka naɗe, aka datse, aka matse baki da baki kawai. Ɗaga shi a hasken taga za ka ga tsagar kowane zobe tana kallonka. Nauyin rigar kanta ya isa ya riƙa buɗe zobban kafaɗa da na hammata. Bayan atisaye sai ka ga ana tsintar zobba a ciyawa. Bakin mashi, ko da an dakushe shi, in ya sami tsagar nan sai ya raba ta ya shige, bakin wayar da ta buɗe kuma ya karce fatar mai rigar. Don su rage wannan matsalar sai su yi shi da waya mai kauri da zobba manya, ya zo ya fi na gaske nauyi, bai kuma kama ƙafarsa a ƙarfi ba.

Ko da ka sami na kirki, mai ƙusa, aikin sulke hana yanka ne. Ba ya tare nauyin duka. Takobi marar kaifi ƙarfe ne mai nauyi a hannun ƙato. In ya sauka a ƙashin wuya ko haƙarƙari, zobban lanƙwasawa suke su isar da dukan ga ƙashi yadda ya zo. Na ga masu cire sulke da yamma, shatin zobba jere a kafaɗarsu, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, alhali ko zobe ɗaya bai tsinke ba. Su kansu Rumawa sun san da haka. Akwai wani ɗan littafi na ƙarni na 4, De Rebus Bellisis, wanda ba a san marubucinsa ba. A ciki ya bayyana torakomakus, riga mai kauri ta dunƙulallen gashin tumaki da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfe don nauyinsa da kaushinsa kada su cuci jiki, har ya ce a lulluɓe ta da fatar Libiya saboda ruwan sama. Bahaushe bai kamata a yi masa dogon bayani a nan ba, wanda ya taɓa ganin 'yan lifida a hawan salla ya san abin da auduga ɗinkakkiya ke yi wa duka. Saboda haka rigar ciki mai kauri ita ce farko, sulke ya biyo baya. Wanda ya ce maka taguwa ta isa, ko bai sani ba, ko bai damu da ƙashinka ba.

Yanzu garwashi. Ƙyallin da kake gani a sulke mai arha sinadarin zink ne da ake shafa wa wayar don kada ta yi tsatsa, irin na jikin kwanon rufi. In ya ji wuta sosai sai ya tashi da farin hayaƙi mai kauri, wanda ya shaƙe shi ba zai ji komai nan take ba. Sai bayan 'yan sa'o'i, galibi cikin dare, zazzaɓi ya rufe shi, da rawar ɗari, da ciwon gaɓoɓi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙirji ya ɗaure. Masu walda sun san wannan ciwon. Yawanci yakan sake mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wanda ya shaƙa da yawa a rufaffen wuri, ko mai asma, huhunsa na iya kumbura har a kwantar da shi. Ka tuna kuma sulke ba ƙusa ɗaya ba ce, dubban zobba ne, kowanne da nasa shafin. Hayaƙin da zai tashi a gareji ko bayan ɗakin kwanan ɗalibai ba kai kaɗai za ka sha shi ba. Kuma kada wani ya ce maka ka sha madara ta wanke. Madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu ya shiga, ba su haɗa hanya ba. Wannan camfin ya daɗe yana sa mutane suna zama a gida lokacin da ya kamata su ga likita. In har ka riga ka gwada, numfashinka kuma ya canza, tafi asibiti ka faɗa musu ainihin abin da ka ƙona.

Abin haushin ma, duk wahalar a banza ce. Wuta sassauta wayar take yi, zobban su ƙara saurin buɗewa. Sojan Ruma kuma bai fita da ƙonannen sulke ba, goge kayansa yake ya shafa musu mai. Mutanen da ke lulluɓe kwalkwalin ƙarfe da azurfa mai ruwan zinare, kamar na Dorne da aka tsinta a dausayin Holan a 1910, ko na Berkasobo a Sabiya mai adon gilasai masu launi, ba masu gudun ƙyalli ba ne. Wanda ya riga ya mallaki mai zink yana so ya cire, ruwan khal ake jiƙa shi a ciki, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta domin iskar da ke fita tana kamawa, sannan a ɗauraye, a busar nan da nan, a shafa mai. Hannu da safar roba.

Shawarata, kada ka sayi sulke bana. Ba don Bejetiyus, marubucin Ruma a kan harkar soja, ya ce sojojin ƙasa sun yar da sulke bayan zamanin sarki Giratiyan ba. Wannan zancen nasa kukan dattijo ne a kan lalacewar zamani, kuma Notitiya Dignitatum, kundin muƙaman daular na wajen shekarar 400, ta lissafa masana'antun makamai na gwamnati, har da ta sulke a Mantuwa ta Italiya. Dalilina shi ne soja ba kullum yake cikin ƙarfe ba. Duba zanen daɓen Biyaza Armerina a Sisili: sojoji ne cikin taguwa mai dogon hannu, da ratsi biyu daga kafaɗa, da adon da'ira a kafaɗu da gefen cinya, da faffaɗar ɗamara, da mayafin ulu da aka maƙale a kafaɗar dama. Ka ƙara da wando matsattse, da rufaffen takalmi, da hular Panoniya mai faifan kai, irin wadda ke kan mutum-mutumin sarakunan Ruma huɗu na jan dutse da ke birnin Benis na Italiya. Da wannan shigar ba mai ɗaga maka gira, kuma kuɗinta bai kai na sulken kirki ba.

Ragowar kuɗin ka zuba a garkuwa da kwalkwali, su ne ke karɓar duka. Garkuwoyin da aka tono a Dura-Yurofos ta Siriya, garin da Farisawa suka ci wajen shekarar 256, alluna ne sirara da aka manne gefe da gefe, tsawonsu ya ɗan haura mita ɗaya, da cibiyar ƙarfe a tsakiya. Ka ɗinke bakin taka da ɗanyen kirgi, kuma ka karɓi zanen rundunar da ƙungiyarku ta ɗauka daga Notitiya, kada ka ƙirƙiro naka. Kwalkwali kuwa ka nemi samfurin Intasisa, wanda aka samo a Hangari, ɓari biyu da tudu ya haɗa a tsakiya. Shi ya fi sauƙin kuɗi kuma ya dace da ƙaramin soja. Ka tambayi mai ba ku horo kaurin ƙarfen da suke karɓa kafin ka biya, ka sa masa shafi mai laushi a ciki yadda ba zai yi rawa a kanka ba. Fuska a buɗe take a wannan samfurin, don haka ranar da za a yi jifa da fulumbata, 'yan kibau masu dalma da Bejetiyus ya ce kowane soja na maƙala biyar a cikin garkuwarsa, kada ka tsaya a sahun da ake jifa sai ka taɓa kan kowacce da hannunka ka tabbatar na roba ne. Masu bakin ƙarfe a fili ake jefa su, ba kowa a gaba, jama'a na bayan igiya.