Su Wa Ke Zaɓen Sarkin Ingila?

Tambaya: Malam, musu ya kaure a majalisarmu ta shayi a Unguwar Rogo. Wasu sun ce Ingila ma tana da masu zaɓen sarki kamar Kano, shi ya sa aka yi wata takwas da rasuwar Sarauniya kafin a naɗa Charles. To wa ya riƙe ƙasar a tsakani? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaishe min da 'yan majalisa, ka ce musu gadon sarautar bai kwana babu kowa a kai ba. Sarauniya Elizabeth, wadda dattawan Jos suka gani da idonsu a 1956, ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022 a Balmoral, kuma ranta na fita Charles ya zama sarki. Taron da aka yi a fadar St James bayan kwana biyu shela ce kawai, ba zaɓe ba.

A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne ke zama su auna masu neman sarauta, sannan gwamna ya sa hannu. A Ingila kuwa doka ta gama wannan aikin tun 1701. Majalisar dokoki ta ce sarauta ta zuriyar Sophia ce ta Hanover, jikar Sarki James na Ɗaya, bisa sharaɗin magajin ba ɗan Katolika ba ne. Da wannan doka aka tsallake dangi da dama da suka fi kusanci ta jini, aka ɗauko ɗanta George daga Jamus a 1714. Har yau babba ne ke gado, ko da ƙaninsa ya fi shi hankali da farin jini. A ganina tsarin ya kashe kamun ƙafa da gabar 'yan ubanci, amma fa duk wanda haihuwa ta kawo sai a yi haƙuri da shi.

Gyara ɗaya aka yi mai muhimmanci. Da, namiji kan tsallake yayarsa mace, ita ma Elizabeth ta samu ne don ba ta da ɗan'uwa namiji. Dokar 2013 ta soke wannan, shi ya sa Charlotte, 'yar Yarima William, take gaban ƙaninta Louis a layi.

Abin da kuka gani ranar 6 ga Mayu 2023 a majami'ar Westminster, inda ake wannan biki tun 1066, ibada ce da rantsuwa. Babban limamin Canterbury ya shafa wa Charles man zaitun da aka kawo daga Kudus, a bayan labule don kada kyamara ta ɗauka, sannan ya ɗora masa kambin da aka ƙera a 1661, mai nauyin fiye da kilo 2. Har wani tsohon dutse aka ɗauko daga Scotland aka sa a ƙarƙashin kujerar.

Jinkirin kuwa na makoki ne da shiri. Uwarsa ta hau a Fabrairu 1952, ba a sa mata kambi ba sai Yuni 1953. Yayan mahaifinta, Edward na Takwas, ya yi sarauta a 1936, ya ajiye ta kafin shekara ta ƙare don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya. Kambi bai taɓa hawa kansa ba, kuma yana cikin jerin sarakunan Ingila.